Ƙafata ta Hagu da Yashin Dubai

Mutane sun dame ni da tambaya. A coci, a shago, har a bakin famfo, kowa sai ya tsayar da ni ya ce, "Baban Dauda, wai me ya sami ƙafar nan?" Na gaji da maimaitawa, kuma doguwar tsayuwa ba ta yi mini yanzu. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Karatuna bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya wuce. Masu shirin zuwa Dubai sayayya, da duk wanda ya haura arba'in yana yawan jin ƙishi, su nake so su karanta har ƙarshe.

Sunana Ayuba, a Narayi nake zaune, nan Kaduna. Na yi shekaru ina aikin wayarin, wato haɗa wayoyin wuta, a wani kamfani a Kudenda, har aka rage ma'aikata ba da daɗewa ba bayan sojoji sun koma bariki. Da ɗan abin da aka sallame ni da shi na buɗe shagon kayan wuta: ƙwan fitila, waya, soket, fanka. Ana ci ana sha, ba a tara komai.

Alhaji Garba na Unguwar Sanusi tare muka yi aiki, rana ɗaya kuma aka sallame mu. Ya fi ni wayo. Da wayar hannu ta shigo sai ya faɗa harkar, ya fara zirga-zirgar Dubai. Duk ya dawo sai ya zo ya zauna a bencin shagona, ya ɗaga ƙwan fitila ya ce, "Ayuba, ka san hannu nawa wannan ya bi kafin ya iso gare ka? Kowane hannu sai da ya gutsura. Zo mu je inda ake zubo shi." Ya yi ta yi har na yarda. Shi ya yi mini cuku-cukun fasfo da biza. Matata Rifkatu, Maman Dauda, ta kwaso adashinta aka haɗa da jarina.

Bari in faɗi yadda jikina yake kafin tafiyar, don nan gargaɗin yake. Na daɗe ina shan ruwa ba ƙoshi, ina fita fitsari ba adadi. Wandunana suka yi mini yawa, na ce tunanin rashin aiki ne. Tafin ƙafata kan yi kamar ana tsira mini allura. Daga baya ya daina, ya koma kamar ina tafiya a kan soso. Da ya daina, na ce na warke.

Dubai dai gari ne, ba zan yi ƙarya ba, na sha kallo. Da muka fito daga filin jirgi na ɗauka wani inji ne ke hura mana zafi a ƙofa, na matsa gefe. Alhaji ya ce, "Ina za ka? Haka garin yake." Na zaci Larabawa zan gani. Sai ga Indiyawa, 'yan Pakistan, 'yan Sin, mutanen Iran, 'yan Habasha, Turawa masu jan wuya, har da wani ɗan Ibo da na sani a Sabon Tasha yana rigima da mai tasi kamar yana gida. Balaraben garin sai ka yini ba ka gan shi ba, sai ta bayan gilashin babbar mota. Otal ɗin da muka sauka duk 'yan Najeriya ne, mu da yawa a ɗaki ɗaya, kwalaye har rufi, kowa da garin kwakinsa da ƙuli-ƙuli da yaji a ƙarƙashin gado.

Ranar farko da za mu shiga kasuwa Alhaji ya tsayar da ni ya yi mini karatu.

"Kada ka sayi abin sha a garin nan. Duk shagon da ka shiga za a kawo maka shayi ko lemo. Ka karɓa, ka zauna. Wanda ya tsaya a tsaye yana tambayar farashi, an san yaron wani ne aka aiko. Wanda ya zauna ya riƙe kofi, shi ne mai kaya, shi ake rage wa."

Haka kuwa abin yake. Ba'indiye zai hango ka ya ce, "Aboki, zauna, zauna, araha!" Iyakar Hausarsa ke nan. Sai a miƙo maka shayi mai kauri da madara, zaƙi har yana kama leɓe. Shi ya danna lamba a kalkuleta ya turo, kai ka girgiza kai ka danna taka ka tura masa. Ba Turanci ba Larabci, ciniki na tafiya. Na ji daɗin abin sosai, ban taɓa ganin inda ake girmama mai saye haka ba.

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, shi Alhaji kurɓa ɗaya yake yi ya ajiye kofin. Ni kuwa a gidanmu an hore mu ba a rage abin da aka ba ka, raini ne. Ga ƙishin da ke cina. Sai in shanye nawa, in ga nasa zai lalace in shanye, in mai shago ya ga haka ya kawo lemo mai sanyi in ɗora. Daga safe har a rufe kasuwa. Kafin mu bar garin na san bayan gidan kowane lungu a kasuwar nan fiye da yadda na san shagunan.

Na sayi fitilu masu caji da ƙananan fankoki masu caji da soket, muka kai wa masu kago, wato masu jigilar kaya, suka rubuta sunana a jikin kwalayen suka ce sai sun iso Kaduna.

Ana gobe za mu taso, Ba'indiyen da muka fi saye a wajensa ya biya mana mota zuwa cikin hamada, wai kada mu koma gida ba mu ga yashi ba. Direban ɗan Pakistan ne, ya yi ta hawa tudu yana gangarowa har cikina ya dawo wuya. Rana ta ɗan karkata amma ba ta huce ba. Aka tsaya a kan wani tudu don ɗaukar hoto, mu da wasu Turawa. Yashi ya cika mini takalmi, na cire shi da safa don in kakkaɓe, na tsaya haka ƙafa tsirara. Wata Baturiya ta gan ni ita ma ta cire nata. Ko taku biyu ba ta yi ba ta ƙwalla ihu ta yi tsalle ta faɗa mota. Direba yana ta nuna ƙafata yana surutu da yarensa.

Ni ban ji komai ba. Ɗumi-ɗumi kawai.

Alhaji ya ce, "Ayuba, sa takalminka, yashin nan zai dafa ƙwai."

Na ce, "Alhaji, wannan ƙafar manomi ce. Da ita na yi noman citta a kan duwatsu tun ban san takalmi ba. Ku 'yan birni ne kuke jin zafi."

Turawan nan suka hau tafi suna ɗaukata hoto. Ni kuma kaina ya kumbura. Na hau har saman tudun na dawo, har 'yar rawa na taka musu.

Washegari na ga safata ta jiƙe. Na duba, ƙasan ƙafar hagu wajen yatsu ya yi bororo babba, ya fashe. Ba zafi ko kaɗan. Na shafa man shafawa, na naɗe da takarda, na sa takalmi na hau jirgi.

Satin farko a gida ban ma tuna da ita ba. Gidan ya cika da 'yan sannu da zuwa, ana rabon dabino da turare, sunana ya koma Ɗan Dubai. Ranar Lahadi muka yi godiya a coci, na matsa ƙafar cikin sabon takalmi mai tsini, na yi rawa tun daga ƙofa har gaban bagade. Da na dawo ciwon yana ruwa. Na je kemis, mai kemis ya fasa kafso ya barbaɗa garin a kai, ya zuba aidin ya ce kwana kaɗan ne.

Sati na biyu ƙafar ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Wata safiya Maman Dauda ta shigo tana shinshina iska ta ce, "Baban Dauda, ɓera ya mutu a ɗakin nan." Muka janye gado, muka ɗaga akwatuna, ta share ko'ina. Ashe ni ne ɓeran.

Nan masu shawara suka taso. Wani ya ce zuma. Wani ya ce baƙin mai na mota. Wani dattijo a layinmu ya rantse da ruwan batir. Amma shugabarsu ita ce yayata Hannatu, wadda ta goye ni ina jariri, har yau kuma ba ta yarda na sauka daga bayanta ba. Ta zo ta kalli ƙafar ta riƙe haɓa.

"Kai ma da gangan, Ayuba. Mutum ya je ƙasar waje ya dawo, ya fito gaban jama'a yana rawa da sabon takalmi, kana tsammani kowa murna yake yi maka? An binne maka abu a ƙofar shago, ka taka."

Na ce, "Yaya, yashi na taka a can, ba a nan ba."

Ta ce, "To na Larabawa ne, ya fi muni."

Ta kawo man zaitun daga gidan addu'a, ta kawo wani baƙin gari daga ƙauye, ana shafa wannan da safe wancan da yamma don kada su yi faɗa. Ƙafar ta ci gaba da abinta. Yatsu biyu na gefe suka fara yin duhu, zazzaɓi ya shigo. Har lokacin ba ta ciwo, shi ya sa nake ta cewa da sauƙi. Yaya ta yi shatar mota za a kai ni ƙauye wajen wani mutum da aka ce yana zaro allurai daga ƙafar mutane.

Tunda tafiya ta yi mini wuya, a bokiti nake fitsari. Maman Dauda ce mai zubarwa. Ta lura kullum kiyashi sun yi layi sun kewaye bokitin kamar an zubar da shayi. Ba ta ce wa Yaya komai ba, don ta san ba za ta ci nasara ba. Ta je wajen mai wayar kuɗi a bakin titi ta kira Alhaji.

Ya iso da safen da za a tafi ƙauye, mota na jira a waje. Ya ɗaga zanen da aka rufe ƙafar, ya kalla, ya mayar. Tun da na san Alhaji bai taɓa ganina bai tsokane ni ba. Ranar bai tsokane ni ba. Wannan ne ya fara ba ni tsoro.

Ya durƙusa ya gaida Yaya, ya ce, "Mama, kawuna haka ya yi, da kiyashin da komai. Ki ba ni shi yau kawai. In likita ya duba ya ce ba na asibiti ba ne, ni da kaina zan tuƙa ku ƙauye."

Ta ce, "Kai ka kai shi inda aka yi masa wannan."

Ya ce, "Shi ya sa nake so in gyara, Mama."

Sai Yaya ta ɗauki ƙullin baƙin garinta ta shige gaban motarsa ta zauna. Wannan shi ne yardarta.

Asibitin gwamnati muka je. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita ya fita har ƙarƙashin bishiya. Aka ce mai ba da kati ya je karyawa. Muka zauna har rana ta take. Da Maman Dauda ta ga na fara surutai, ta tura ni a keken marasa lafiya har gaban teburin nas, ta yaye zanen. Mutanen da ke layi suka dare da kansu. Warin ne ya yi mana hanya, ba sanayya ba.

Likitar 'yar Filato ce, yarinya, ba ta fi 'yar cikina ba. Ta huda mini yatsan hannu ta sa jinin a wata 'yar na'ura, na'urar ta ƙi nuna lamba, wai ya wuce inda take iya ƙirgawa. Ta ce in kalli sama. Na kalli sama ina jira.

"Baba, ka ji?"

Na ce, "Kin fara ne?"

Ashe tun ɗazu take soka mini allura a tafin ƙafa. Ta tambayi yadda aka yi, na ba ta labarin yashi. Ba ta yi dariya ba sai da na zo wajen rawar, nan kam ta juya baya kafaɗunta na rawa. Da ta juyo ta faɗi maganar da ta zauna mini.

"Baba, ba ƙarfin ƙafa ba ne. Ciwon suga ne ya kashe jijiyoyin da ke kai maka labari. Ƙafar mai suga ba ta kuka, sai dai ta ruɓe shiru."

Ni mai wayarin ne, nan take na gane. In waya ta yanke, ƙararrawa ba za ta buga ba ko gidan na cin wuta. Na ce, "Likita, shayin Dubai ne ya ba ni sugan?"

Ta ce, "A'a, da kayanka ka tafi, ya yi shekaru a jikinka. Shayin hura masa wuta kawai ya yi."

Sai ta ciro biro daga aljihu. Jan kumburin ya taso daga yatsu ya kusa idon sawu. Ta bi gefensa ta zana layi ta kewaye ƙafar.

"Yatsun nan biyu sun riga sun tafi, ba na ɓoye maka. Za mu sa maka allurai da ƙarin ruwa mu sauko da sugan. Kullum za mu duba layin nan. In jan ya ja baya, yatsun kawai za mu cire. In ya haye layin, za mu yanke daga ƙasan gwiwa. Kada kowa ya wanke mini shi."

Sai Yaya Hannatu ta matso ta taɓa hannun likitar a hankali ta ce, "'Yata, don Allah ki ɗan matsar da layin sama kaɗan."

Aka ba ni gado a ɗakin maza. Maƙwabcina Malam Tanko, direban babbar mota, an riga an cire masa ƙafa ɗaya. Ko gama kwanciya ban yi ba ya leƙo.

"Sabon shiga, dama ko hagu?"

Na ce, "Hagu."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Tawa dama aka cire. In an yanke taka sai mu riƙa sayen takalmi tare muna rabawa. Lamba nawa kake sawa?"

Na so in zage shi, sai na ji ina dariya. Ban yi dariya ba tun da ƙafar ta fara wari.

Yanzu ga ƙorafina, don kada a ce na yi ta yabo. A asibitin nan komai kai za ka saya. Auduga, bandeji, sirinji, ruwan da za a ƙara maka, har safar hannun da nas za ta sa ta taɓa ka. A rubuto magani, ka je kantin asibiti a ce babu, sai can waje. Maman Dauda ta yi sawun titin nan har masu acaba suka san ta. Wankin ciwo sai an ga dama, wata nas ɗin in ka kira ta sai ka ce bashi ka zo tambaya. Amma akwai wata 'yar Binuwai mai kirana Oga Dubai, ita kam ko lokacin tashinta ya yi ba ta tafiya sai ta wanke ƙafar nan tas, tana yi tana waƙar coci don kada ta ji warin. Allah ya saka mata.

Abinci kuma aka hana ni duk abin da ke sa mutum son rayuwa. Ba shayi mai suga, ba lemo, tuwo ɗan mitsitsi kamar na yaye. Yaya Hannatu ta ajiye baƙin garinta ta koma dafa acca da ganye, kullum sai ta hau mota ta kawo da zafinsa. Ta ƙara da ruwan shuwaka, likita ta ce wannan ba zai kashe ni ba, in sha in hakan zai sa Mama ta yi barci. Na sha. Har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci.

Ana cikin haka kayana suka iso daga kago. Shago a rufe, mai shago a kwance, kuɗin hannunmu sun ƙare a kan auduga. Lokacin zafi ne, ɗakin marasa lafiya kamar tanda, wuta kuma sai ta yini ba ta zo ba. Maman Dauda ta fasa kwali ɗaya ta kawo mini 'yar fanka mai caji ta ɗora a kan kujera ta kunna. Duk ɗakin aka juyo. Mutum goma sha suna gumi, ni kaɗai iska na kaɗa mini riga.

Malam Tanko ya ce, "Madam, wannan ta sayarwa ce ko ta gori?"

Kafin yamma matarsa ta sayi ɗaya. Washegari nas biyu suka ce a kawo musu, da fitila. Daga nan ɗakin mata suka ji labari, sai masu jinya, sai ma'aikatan ɗakin awon jini, har wani babban likita ya aiko direbansa. Matar da ba ta taɓa yini a shagona ba, sai ga ta a baranda da jakar kaya tana ciniki. Ina kwance ina jin ta. Wani ya ce ta rage masa, ta ce, "Ba ragi, Malam. Maigidana ƙafa ya bayar kafin kayan nan su iso." Mutumin ya biya har da ban haƙuri. Da kayan nan aka yi jinyata tun daga nan har aka sallame ni.

Amma duk wannan dariyar, kowace safiya idona na kan layin biro. Da an kwance bandeji sai mu haɗa kai, ni da Maman Dauda da Yaya, har Malam Tanko yana miƙo wuya. Kwanakin farko jan ya tsaya cak a kan layin, bai ci gaba ba bai koma ba. Sai wata safiya muka ga ta wajen idon sawu ya taɓa tawadar, kamar ma ya ɗan leƙa. Zazzaɓi ya dawo. Likita ta zo da wani babba mai furfura, suka tsaya a kaina suna Turanci. Ban gane duka ba, amma na tsinci kalmar gobe, na kuma ga inda ya sa hannunsa a ƙasan gwiwata. Suka canza allura zuwa wata mai tsada, suka ce ita ce ta ƙarshe da za su gwada.

Ranar na ƙi cin accar. Na ce wa Maman Dauda in aka yanke, ta kai ni ƙauye kai tsaye, ba zan koma Narayi mutane su riƙa kallona ba.

Ta ce, "Ka yi wa Turawa rawa ba takalmi ba ka ji kunya ba, sai yanzu? Da ƙafa ko ba ƙafa, gidanka za ka koma. Buɗe baki." Ta ɗura mini accar.

Da la'asar Fasto ya zo da 'yan zumuntar maza suka yi addu'a suka yi waƙa. Suna fita Alhaji ya shigo, ya zauna a bakin gado ya daɗe yana jan carbi. Da zai tafi ya ce, "Ni na ce ka sha shayi." Na ce, "Ka ce in sha, ba ka ce in shanye naka ba." Ya yi dariya yana goge ido.

Gari ya waye, 'yar Binuwai ta kwance bandeji. Ni na ƙi dubawa, na kalli fankata. Sai na ji Yaya ta ce, "Kai, Yesu!" Na leƙa. Tsakanin jan da layin akwai farar fata, siririya, ba ta fi faɗin tsinken ashana ba. Likita ta zo ta sunkuya ta daɗe tana kallo, ta danna da yatsa, ta ɗago.

"Baba, ta fara jin magana."

Washegari tazarar ta kai faɗin ɗan yatsa. Kafin sati ya zagayo layin biro yana can sama shi kaɗai kamar alamar da ambaliya ke bari a bango. Aka shiga da ni tiyata aka cire yatsun biyu. Da aka dawo da ni Malam Tanko ya ƙi kallona, ya juya ya fuskanci bango.

"Ka ci amanata, Ayuba. Yanzu wa zai ɗauki ɗayan takalmin?"

Shi aka fara sallama. Ya koma garinsu, ɗansa ke tuƙa motar yanzu. In wannan takarda ta kai gare shi, ina gaisuwa, kuma har yanzu lamba tara nake sawa.

Ramin ciwon ya ɗauki makonni kafin ya cike, na gaji da gadon nan har ina jin haushin masu zuwa dubiya da ƙafafunsu. Ranar sallama likita ta ce wa Maman Dauda ta saya mini madubi. Na ce me zan yi da madubi a shekaruna. Ta ce ba don fuska ba ne. Kullum in ajiye shi a ƙasa in duba tafin ƙafafuna, tunda su ba za su gaya mini ba. Kada in taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar ɗaki. In zazzage takalmi kafin in sa. Kada in gwada zafin ruwan wanka da ƙafa.

To, ga abin da na zauna rubutawa dominsa. In kana shan ruwa ba ƙoshi, kana rama ba dalili, je a huda maka yatsa, abin ba ya ɗaukar lokaci. In ƙafarka ta daina jin zafi, ba jarumtaka ba ce. Ciwon da ba ya ciwo kada ka kai wa mai kemis, kada ka jira taron dangi. Masu zuwa Dubai kuma ku je, kasuwa ce ta gaske, ban ce kada a je ba. Ni dai na gaji. Magani kullum, awo kullum, ga acca. Amma ina godiya ga Allah, da likitar nan, da Alhaji, da yayata wadda har yau take cewa addu'arta da shuwaka ne suka yi aikin, ni kuma ba na musu.

Kayan sun ƙare tas, mutane kuma suna ta zuwa neman fanka. Alhaji ya zo shago ya zauna a benci ya ce, "To, yaushe za mu koma?" Kafin in buɗe baki Maman Dauda ta amsa daga bayan kanta, ta ce ita za ta je, sun riga sun gama magana da Hajiyarsa mai sayo dogayen riguna, fasfo ma ya kusa fitowa. Na kalli Alhaji, ya kalli rufi. Ashe ni kaɗai ne ban sani ba.

Ranar tafiyarta an yi ruwa, hanyar layinmu ta lalace, motar Alhaji ta tsaya can bakin titi. Tun da na fito asibiti ban yi tafiya mai nisan haka ba, daga gida sai shago a kan acaba. Ta ce in zauna. Na ce a'a. Na sa takalmina mai laushi, na ɗauki ƙaramar jakarta, muka kama hanya. Ina ɗingishi, ina kewaye taɓo, tana rage sauri tana yi kamar ɗankwalinta take gyarawa. Masu shaguna suna ta ɗaga hannu. Ban tsaya hutawa ba ko sau ɗaya.

Ta shiga mota kusa da Hajiya. Har sun fara tafiya ta sauke gilashi ta leƙo, a gaban masu acaba da masu sayar da masara, ta ɗaga murya.

"Baban Dauda! In ka koma ka duba ƙafar nan!"

Na koma a ƙasa kamar yadda na zo. Na zauna a bakin gado, na cire takalmi, na jawo madubin da ƙafar dama na ɗora ta hagu a kansa. Ba ja, ba bororo, ba komai. Tabon kawai, da yatsu ukun da suka rage, da 'yar lakar Narayi.